Ƙugiya da Ƙawa: Nazari a kan Rubutun Tsutsa Mai Takalmi a Mujallun Ado da Tambarin Kayan Alatu

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin zubin haruffan ɗab'i da ake kira italik, wato rubutun tsutsa, musamman irin wanda mujallun ado da kamfanonin kayan alatu na Turai da Amurka suka mayar alamar isa. An bi diddigin yadda harafin da aka fara zubawa a Italiya a 1501 don ya kwaikwayi hannun malamai ya zama rigar 'yan kasuwa, aka kuma auna wasu zubi da ma'auni biyu: ko sirantar harafi ta dace da girman da aka buga shi, da kuma ko yana ɗauke da tafiyar alƙalami ko jingina shi kawai aka yi. Maƙalar ta ƙara ma'auni na uku wanda masu sharhin Turai ba su cika kawowa ba. Lanƙwasar da take ado zalla a idonsu, a rubutun boko ita ce ke raba baki da baƙi.

1.0 Gabatarwa

Bature ya raɗa wa wannan harafi suna ne da ƙasar da aka haife shi, Italiya. Bajamushe ya kira shi da kalmar da asalinta ke nufin gudu. Bahaushe kuwa ya dubi yadda alƙalami ke jan ciki daga baƙi zuwa baƙi ya ce tafiyar tsutsa. Sunayen biyu na ƙarshe sun fi na farko kusantar gaskiya, domin dukansu motsi suka kama, babu wanda ya ambaci karkata. Yawancin kurakuran da za a tattauna a ƙasa sun samo tushe ne daga zaton cewa duk harafin da ya karkata dama ya zama rubutun tsutsa.

Kalmar takalmi a nan tana nufin 'yan gajerun layukan da ke rufe kai da gindin sandar harafi, abin da masu sana'ar ke kira serif. Zubi kuma yana nufin cikakken jerin haruffa masu siffa ɗaya, kamar Garamond ko Didot, ko da yake yau a kwamfuta ake zana su, an daina narka dalma.

2.0 Daga hannun magatakarda zuwa dalma

A 1501 Aldus Manutius ya buga waƙoƙin Virgil a birnin Benis, a ƙaramin littafin da ke shiga aljihu, dukansa da rubutun tsutsa. Francesco Griffo, mutumin Bolonya, shi ya sassaƙa haruffan a ƙarfe. Abin da ya kwaikwaya shi ne hannun malaman Italiya na ƙarni na 15, wanda ake danganta farkonsa ga Niccolò Niccoli na Filorens. Ƙananan baƙaƙe kaɗai Griffo ya karkatar. Manyan baƙaƙe a tsaye ya bar su, gajeru, kamar baƙin da aka zaunar a gefen taro. Ya kuma sassaƙa haɗaɗɗun haruffa fiye da 60, don kada idon mai karatu ya gane inda alƙalami ya ƙare ƙarfe ya fara.

An daɗe ana maimaita cewa Aldus ya ƙirƙiro wannan harafi ne don ya rage cin takarda ya sayar wa talaka littafi da araha. Masana tarihin ɗab'i sun ja da wannan magana. Masu sayen waɗannan littattafai manyan ma'aikata ne, jakadu da 'yan boko masu hali, mutanen da suka saba da littafin da aka kwafa da hannu, suke kuma kallon bugun inji a matsayin abin da bai kai ba. Aldus ya sayar musu da kamannin hannu ne a farashin inji. Ke nan tun ranar farko aron martaba harafin yake yi daga wani abu da ya fi shi tsada, kuma wannan aro shi ne jarin da mujallun ado ke ci har yau.

Rigimar da ta biyo baya ma irin ta masu tambarin alatu ce. Hukumar Benis ta ba Aldus ikon mallakar zubin, amma kafin a ce kwabo maɗaba'un Liyon a Faransa sun fara fitar da jabu. A 1503 ya buga takardar gargaɗi yana lissafa alamomin da za a gane na ƙarya, har da rashin kyan takarda da kurakuran rubutu. 'Yan jabun suka karanta, suka gyara kurakuran, suka ci gaba da harkarsu. Griffo kansa, da ya ga an rufe masa ƙofar cin moriyar aikin hannunsa, ya tafi ya sassaƙa wa Gershom Soncino wani zubin a garin Fano.

Zubi na biyu da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne na Ludovico degli Arrighi, magatakarda a fadar Fafaroma. Ɗan littafinsa na koyar da rubutu, La Operina, yana ɗauke da shekarar 1522, kuma daga 1524 ya shiga buga littattafai a Roma da haruffan da aka sassaƙa bisa hannunsa. Harafin Arrighi ya fi na Griffo tsawo da ƙasaita, ya rage haɗe-haɗe, ya ba layuka fili. A hannunsa da zubinsa na farko, dogayen sandunan b da d da h da k da l suna lanƙwasa kai zuwa dama su ƙare da ɗan kumburi kamar ɗigon tawada. Za a komo kan wannan lanƙwasa a sashe na 5.0.

Kafin ƙarshen ƙarni na 16, a hannun masassaƙan Faransa irin su Robert Granjon, manyan baƙaƙe ma sun karkata, rubutun tsutsa kuma ya sauka daga matsayin mai gida ya koma yaron tsayayyen harafi: a kira shi don ƙarfafa kalma, ko sunan littafi, ko baƙuwar kalma, sannan a sallame shi.

3.0 Siranta da tsada

Harafin da yau ake gani a ce wannan na masu kuɗi ne ba na Aldus ba ne. Na Firmin Didot ne a Faris da Giambattista Bodoni a Farma, a ƙarshen ƙarni na 18 da farkon na 19. Bambancin yana cikin alƙalami. Gerrit Noordzij, malamin rubutu na ƙasar Holan, ya yi bayaninsa a littafinsa na 1985: alƙalami mai faɗin baki yana samar da kauri da siranta ne daga kusurwar da aka riƙe shi, mai tsinin baki kuwa daga nauyin hannu, a danna ya buɗe, a sassauta ya tsuke. Duk wanda ya taɓa feƙe alƙalamin gamba ya ja baƙi a allo ya san na farkon ba sai an karanta masa ba. Griffo da Arrighi 'ya'yan alƙalami mai faɗi ne. Didot da Bodoni sun bi mai tsini, suka kai bambancin maƙura: sanda mai kauri kamar ginshiƙi, kusa da ita layi kamar silin gashi, babu tsaka-tsaki.

Wannan silin gashi shi ne sirrin tsadar. Ba ya fita sai a takarda mai sulɓi, da baƙar tawada mai kyau, da injin da aka saita da haƙuri. A takarda mai kaushi tsinkewa yake yi. Saboda haka harafin da kansa yana shaida cewa an kashe kuɗi, kamar yadda farar shadda ke shaida cewa mai ita ba ya shiga ƙura. Kundin Bodoni, Manuale Tipografico, wanda matarsa Margherita Dall'Aglio ta kammala ta fitar a 1818 bayan rasuwarsa da shekara biyar, littafi ne na kallo fiye da na karatu, kuma faɗar haka ba zagi ba ne a gare shi.

Mujallun ado na Amurka sun gane wannan a ƙarni na 20. Alexey Brodovitch, wanda ya riƙe sashen zane na Harper's Bazaar daga 1934 zuwa 1958, ya haɗa irin wannan harafi da farin fili mai yawa da hoton da ke cika shafi. Farin filin ma magana ce: mai iya barin rabin shafi babu komai a mujallar da kowane taƙi nata kuɗi ne, ya nuna ƙarfinsa. Vogue ta tsaya a kan tambarinta mai jinin Didot tun tsakiyar shekarun 1950. Tambarin a tsaye yake da manyan baƙaƙe. A cikin shafuka ne rubutun tsutsa ke aikinsa, a kanun labari da zancen da aka ciro aka girmama, inda yake zama muryar da ke raɗa a gefen muryar da ke shela.

Mafi ingancin aiki a wannan jinsi, a ganin wannan maƙala, shi ne zubin Didot da Jonathan Hoefler ya zana don sabon tsarin Harper's Bazaar na 1992, zamanin Liz Tilberis da Fabien Baron. Hoefler bai zana harafi ɗaya a riƙa hura shi ana tsuke shi ba. Ya zana shi sau bakwai, don awo 6 da 11 da 16 da 24 da 42 da 64 da 96, kowanne da nauyi uku, kowane nauyi da tsayayye da na tsutsa, jimla 42. Dalilinsa shi ne silin gashin ya ci gaba da zama silin gashi ko a babban kanu ko a ƙaramin bayanin hoto. Abin da masassaƙan ƙarfe suke yi ke nan dole, tunda kowane awo da hannu ake sassaƙa shi daban. Kwamfuta ce ta kawo ragwancin siffa ɗaya ga kowane girma.

A nan ne yawancin aikin yau ke faɗuwa. Playfair Display na Claus Eggers Sørensen, wanda ya fito a 2011, da Cormorant na Christian Thalmann, na 2015, kyauta ake samunsu, kuma rubutun tsutsarsu yana da kyau ƙwarai idan an ba shi girma. Don babban rubutu aka yi su, na farkon ma sunansa ya faɗa. Amma sai a tarar an jera dogon bayani da su a ƙaramin awo, a fuskar waya ko a jerin abincin otal mai duhun fitila, siraran layukan sun ɓace, kalma ta koma jerin sanduna kamar shingen kara. Laifin ba na mazanan ba ne. Sørensen ma daga baya ya fitar da sabon zubi mai sauya kauri gwargwadon girma.

4.0 Jingina da tafiya

A 1926 Stanley Morison, mashawarcin kamfanin Monotype na Ingila, ya buga muƙala a mujallar The Fleuron yana cewa abokin zaman da ya dace da tsayayyen harafi shi ne tsayayyen da aka karkatar kawai, ba wani baƙon hannu ba. An gwada. Romulus na Jan van Krimpen ya bi shawarar, haka ma Electra na W. A. Dwiggins a 1935. Masu maɗaba'a ba su karɓa ba, domin kalmar da aka so ta fito daban ba ta fita, har daga baya aka yi wa Electra rubutun tsutsa na gaske. Morison kansa bai bi fatawarsa ba da ya zo tsara Times New Roman a 1932.

Abin da gwajin ya tabbatar shi ne ƙirar harafi ce ke sauyawa, karkata rakiya ce. A rubutun tsutsa na gaske a tana zubar da rufinta ta koma ciki ɗaya, f tana sakin jela ƙasa da layi, kafaɗar n da m tana tsirowa daga can ƙasan sanda kamar reshe maimakon ta manne a sama, kowane harafi yana da mashiga da mafita. Joanna na Eric Gill karkatarsa ba ta wuce kimanin digiri 3 ba, duk da haka babu mai ganinsa ya yi shakka. A ɗaya gefen, idan zubi ba shi da na tsutsa aka latsa maɓallin karkatarwa, kwamfuta tana ture tsayayyen ne kamar bangon da damina ta ci gindinsa: o ta kumbura a kusurwa biyu ta rame a biyu, takalma su yi tsini.

Yayin da ake ciki yanzu ya zo ne bayan wani yayin. Saint Laurent a 2012, sannan Burberry da Balmain a 2018, sun koma tambari marar takalmi, har aka riƙa tsokanar cewa manyan gidajen ado sun zama 'yan uwa ɗaya. Burberry ta dawo da takalmi a 2023. A tsakanin nan zubi irin su Canela na Miguel Reyes a 2016 da Ogg na Lucas Sharp a 2013, wanda ya ɗauko daga rubutun hannun Oscar Ogg, suka buɗe ƙofa, masu kwaikwayo suka biyo. Ogg ya cancanci yabo domin ana ganin alƙalami a cikinsa, har da taurin kansa. Da yawa daga mabiyansa kuwa sun tara jela da lauje a kan ƙashin da ba shi da tafiya. Ga kuma wata ɗabi'a da ta cika tallace-tallace: a rubuta jimla a tsaye a karkatar da kalma ɗaya tak a tsakiya, ko ta cancanci ƙarfafawa ko ba ta cancanta ba. Gishiri ne, an mayar da shi tuwo.

5.0 Inda ado ya zama baƙi

Duk abin da ya gabata mai sharhi a Landan ko Milan zai iya faɗarsa. Akwai abin da ba zai gani ba.

Tun shekarun 1930 rubutun boko ya tsaya a kan ɓ da ɗ da ƙ, Nijar kuma ta ƙara da ƴ inda Nijeriya ke rubuta 'y. Ƙugiyar waɗannan baƙaƙe tana zaune ne a kan doguwar sanda, tana lanƙwasa zuwa dama. Wannan shi ne daidai wurin da Arrighi ya ajiye adonsa, kuma daidai fuskar da ya juya shi. Duk zubin da ya gaji wannan lanƙwasa, idan aka rubuta Hausa da shi, yana maƙala wa kowace b da d da k abin da idon Bahaushe ke karantawa a matsayin ƙugiya. Fada ta koma faɗa, kafa ta koma ƙafa, daidai ta koma ɗaiɗai. A manyan baƙaƙe abin ya fi muni. Ƙugiyar Ɓ da Ɗ hagu take fita daga kan sanda, nan ne kuma mazana ke sakin laujen ƙawa a kan B da D. Katin da ke gayyatar jama'a ɗaurin aure a Daura, in an buga shi da irin wannan harafi, ya shafe bambancin da ke tsakanin sunan garin da aikin da za a je yi.

Matsala ta biyu kishiyar ta farko ce, ta kuma fi yawa: zubin ba shi da baƙaƙen sam. Akwai dalili na fasaha a nan da ya kamata malaman Hausa su sani. A tsarin Unicode, ƙananan ɓ da ɗ suna cikin rukunin alamomin ilimin furuci ne, alhali ƙ da ƴ da manyan Ɓ da Ɗ da Ƙ suna wani rukunin na ƙarin haruffan Latin. Mazanin da ke lissafin kasuwarsa yana cika haruffan harsunan Turai, ya leƙa rukunin furuci ya ce wannan na masana harshe ne, ya wuce. Harshen da miliyoyin mutane ke karantawa ya faɗa a ramin da ke tsakanin rukuni biyu. Sakamakon kowa ya san shi. Ko dai kwamfuta ta aro ƙ daga wani zubin, ta fito a tsaye, mai kauri, tsakiyar kalma mai siranta, kamar haƙorin Makka a bakin jariri. Ko mai buga kati ya gaji ya cire ƙugiyar, a wayi gari ana maraba da manyan baki.

Zubin da suka ɗauki waɗannan baƙaƙe da muhimmanci akwai su. Gentium na Victor Gaultney, wanda ya faro a matsayin aikin digirinsa na biyu a Jami'ar Reading, yana da rubutun tsutsa na gaske mai ɗauke da su. Haka Charis SIL, haka Brill da John Hudson ya zana wa maɗaba'ar Brill ta Laidin. Sai dai dukansu na littafin ilimi ne, an yi su don dogon karatu a ƙaramin awo. Wanda ya ɗora su a bangon mujallar kwalliya ko kwalin turare zai ga sun yi kama da malamin da aka tura tallan leshi. Doulos SIL, wanda masana harshe suka daɗe suna dogaro da shi, ba shi ma da na tsutsa ko kaɗan.

Zana ƙugiya a harafi mai karkata da siranta aiki ne na gaske, ba liƙi ba. A ɓ da ƙ sanda tana hagu, don haka ƙugiyar tana rataye ne a kan jikin harafinta, babu wanda ta takura. A ɗ sanda tana dama, ƙugiyar sai ta leƙa filin maƙwabci, karkata kuma ta ƙara tura ta. A kalma irin faɗi tana karo da ɗigon i, a ɗaɗɗaure ƙugiyar farko tana neman wuyan ta biyu. Wannan ita ce matsalar f da i da maɗaba'an Turai suka warware tun zamanin Aldus ta hanyar sassaƙa haɗaɗɗen harafi na musamman. Abin da ya rage shi ne a yi wa ɗi da ɗɗ irin wannan hidima. Sannan a zubi mai jinin Didot dole ƙugiyar ta ƙare da ɗigo mai nauyi irin na kan f da r, domin in aka bar ta silin gashi, ita ce za ta fara ɓacewa a bugu marar kyau, ma'ana ta bi ta. Wanda zai zana wa Hausa rubutun tsutsa kuma dole ya haƙura da gadon Arrighi a kan b da d da k, ya ba su miƙaƙƙen kai mai takalmi a hagu, ya kai laujensa kan baƙaƙen da ba su da 'yan uwa masu ƙugiya, kamar su z da w da jelar g.

Hermann Zapf na Jamus ya tsaya a ɓangarorin biyu na wannan magana. Shi ya zana Zapf Chancery a 1979, zubin da ya shiga na'urorin buga takarda na ofis ya yaɗa hannun magatakardan Roma a katunan biki ko'ina a duniya. Shi ne kuma a shekarun 1980 ya yi aiki tare da Victor Manfredi a kan haruffan bai-ɗaya na harsunan Nijeriya, inda ɓ da ɗ da ƙ suka samu gurbinsu. Na farkon don ƙawa aka yi shi, na biyun don littafin makaranta da takardar hukuma, kuma mai tsara mujallar Hausa a Kano ko Yamai ko Kumasi har yanzu tsakanin waɗannan akwatuna biyu yake zaɓe duk lokacin da kanun labarinsa ya ƙunshi kalmar ƙawa.